Jan sida ko farin sida: wanne za a yi wa bangon gida riga da shi?

Ƙanena da ke zaune a wani ƙaramin gari a bakin teku, kudu da Boston, ya kira ni wani dare murya duk a dagule. Gidan da ya saya shekara uku da suka wuce bangonsa na arewa ya yi baƙi ƙirin, katakon da ke kusa da ƙasa kuma in ya danna da yatsa sai ya lotsa kamar biredi. Ya kira kafintoci biyu, kowa ya kawo masa takardar farashi. Ɗaya ya ce jan sida, ɗaya ya ce farin sida, kuma tazarar da ke tsakanin kuɗin biyu ta isa ta sa mutum ya gyara zama.

"Yaya, ni fa ban gane ba," in ji shi. "Duk sida ne. In dai launi ne kawai, ai sai in ɗauki mai arahar in shafa masa fenti."

Ni ya kira ne saboda lokacin da nake karatu a Kebek na yi bazara huɗu ina yaron kafinta, na ɗauki dauri-daurin wannan katako a kafaɗa har ƙamshinsa ya kama mini kaya. Na ce masa launi shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya raba su, ya ba ni lokaci in warware masa.

Ga wanda bai taɓa ganin ginin can ba: yawancin gidajen zama a Amurka da Kanada ba da bulo ake tayar da su ba. Ƙwarangwal ake haɗawa na katako, a rufe shi da faffaɗan filawud, a shimfiɗa wata takarda ko leda mai tare ruwa, sannan a sa abin da ido ke gani daga waje. Wannan na ƙarshen shi nake kira rigar bango. Ba ta ɗaukar nauyin gini ko kaɗan. Aikinta irin na makuba ne a jikin ginin ƙasa, ta tari ruwa da rana da iska domin abin da ke ƙarƙashi ya zauna lafiya. In da katako za a yi ta, siga biyu aka fi sani. Akwai dogon falanki, gefe ɗaya kauri ɗaya gefen siriri, ana jera shi a kwance, na sama ya ɗan hau kan na ƙasa. Akwai kuma shingil, ƙananan alluna masu kama da allon almajiri, gindi da kauri kai kuma sirit, ana ɗora su sahu bisa sahu kamar gashin tsuntsu.

Sunan ma yana da ɗan ruɗu. Sida na asali shi ne al'ul, wanda ke jikin tutar Labanan, da ɗan'uwansa na tsaunukan Atlas a Maroko da Aljeriya. Turawan da suka isa Amurka duk itacen da suka sara suka ji yana ƙamshi sai su laƙaba masa sida. Waɗanda muke magana a kansu ba su haɗa dangi na kusa da al'ul ba. Jan sida shi ne Thuja plicata, farin sida kuma Thuja occidentalis, wa da ƙane ne a gida ɗaya. Ban da su akwai wani jan sida na gabas, Juniperus virginiana, mai ƙamshi mai ƙarfi, wanda ake yi wa ɗakin ajiye tufafi lulluɓi da shi, a da kuma da shi ake fensir. Wannan ba kasafai ake rigar bango da shi ba. Akwai kuma farin sida na fadamun gaɓar Atlantika, Chamaecyparis thyoides, wanda aka sassare tun ƙarnukan baya har ya yi ƙaranci a kasuwa. Saboda haka in mai kanti ya ce maka sida, ka tambaye shi wanne.

Abin da ya raba wa da ƙanen nan, wanda kusan duk sauran bambance-bambancen daga gare shi suka tsiro, shi ne girma. Jan sida itacen dazuzzukan ruwan sama ne na gaɓar Fasifik: Birtish Kolombiya, Washinton, Oregon, kudu maso gabashin Alaska, ya kuma shiga ciki har Idaho da Montana. Yana haura mita 60, gindinsa kan kai mita uku ko fiye, yana kuma wuce shekara dubu. 'Yan asalin wannan gaɓa, irin su Haida da Tlingit da Nuu-chah-nulth, a cikin kututture ɗaya suke fafe kwalekwalen da zai shiga teku da mutane da yawa, su tsaga falankan gina manyan zaurukansu, su saƙa tufafi da igiya da ɓawonsa. A 1988 Birtish Kolombiya ta ayyana shi a matsayin itacen lardinta.

Farin sida kuwa ɗan madaidaici ne. Yana fitowa a fadamu da ƙasa mai farin dutse a Kebek da Ontariyo da New Brunswick, da Maine da Michigan da Minnesota. Tsayinsa kamar mita 12 zuwa 15, kaurin kututture santimita 30 zuwa 60, ga rassa tun daga ƙasa, kuma da yawa in sun tsufa sai cikinsu ya zama kogo. Shi ma yana da tarihinsa. A hunturun 1535 zuwa 1536, ƙanƙara ta riƙe jiragen ruwan Bafaranshen nan Jacques Cartier a inda birnin Kebek yake yanzu, ciwon ruɓewar dasashi na rashin bitamin C ya kashe masa mutum 25, har mutanen wurin suka nuna musu yadda ake dafa ganye da ɓawon wani itace a sha. Masana da yawa sun tafi a kan farin sida ne, shi ya sa a Turai aka san shi da itacen rayuwa. Abin sha'awa, mutanen gaɓar Fasifik su ma haka suke kiran nasu jan.

To, daga ƙaton kututture mai santsi, wanda ya yi mita da yawa babu reshe, za ka yanki falanki mai tsayin ƙafa 16 ko 20, babu ido ko ɗaya a jikinsa. Ido nake ce wa gurbin reshe, wannan dunƙulen da in katako ya bushe yakan tsage ko ya faɗo ya bar huda. Daga ƙaramin kututture mai rassa da kogo ba za ka sami haka ba. Sai dai a yanyanka shi guntu-guntu, a kauce wa ido da ruɓa, a fitar da alluna masu tsayin inci 16. Wannan ne dalilin da ya sa farin sida ya zama itacen shingil, shi da shinge da dirkoki, jan sida kuma ana samunsa a kowace siga: dogon falanki, falanki mai harshe da kwarmi da ke shiga cikin juna, da shingil na inci 16 da 18 da 24. Wanda ke son dogayen layuka masu santsi a jikin gidansa, irin na gine-ginen zamani, tambayar ta riga ta amsa kanta, ja zai saya. Gardamar gaske tana tashi ne in shingil za a sa, irin halin da ƙanena ke ciki.

Ka ɗauki guda daga kowanne ka riƙe. Duka biyu ba su da nauyi, kamar ka ɗauki kwali mai kauri. Busasshen jan sida kamar kilo 370 ne a kowace mita kubik, wato mita ɗaya tsayi da faɗi da zurfi, fari ya ɗan gaza haka, wato ɗan fiye da rabin nauyin iroko. Duka biyu laushi gare su, in ka soka farce sai ya bar shaida. Ja launinsa ba ɗaya ba ne, a dauri guda za ka ga ruwan zuma, ka ga ruwan goro, ka ga mai duhu kamar gasasshen kofi, ƙamshinsa kuma mai kauri, yana ɗan yaji a hanci. Fari launin madara ne da aka ɗiga wa shayi, kusan bai ɗaya, ƙamshinsa sassauƙa. Sai ka juya gindin allon ka dubi inda zarto ya yanka. Nan ne labarin yake.

Za ka ga layuka, zoben shekarun itacen. A jan sida mai daraja ta ɗaya layukan a tsaye suke, a matse kamar haƙoran matsefi. A farin sida sau da yawa a kwance suke ko a karkace, suna lanƙwasa kamar bakan gizo. Muhimmancin wannan shi ne katako ba ya ƙanƙancewa daidai ta kowane ɓangare. Daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau, jan sida yana raguwa da kamar kashi 5 cikin ɗari ta bin zagayen zoben, amma kashi 2.4 kawai ta tsallake zoben. Farin sida kusan haka ne, 4.9 da 2.2. Ka ga itacen biyu halinsu ɗaya. Yankan ne ya bambanta. Allon da aka yanka a tsaye yakan kumbura ya saɓe yana nan a miƙe. Wanda aka yanka a kwance, fuskar da rana ke duka ta bushe, bayansa na da danshi, sai ya kantare kamar cokali, wani lokaci ya tsage ta wurin ƙusa. Yankan tsaye kuwa yana son babban kututture, ka ga mun koma kan girma.

Masu farin sida sun san da wannan, shi ya sa allunansu ba su cika faɗi ba, kuma ake barin kamar inci 5 kacal a waje daga cikin 16, ta yadda a ko'ina a bangon katako ninki uku ne. Jan shingil mai inci 18 ana iya barin inci 7 ko 8 a waje, sahu ya ragu, ƙusa ta ragu, kwanakin aiki su ragu. In mutum zai kwatanta farashi kada ya tsaya a kan kuɗin dauri. A can ana lissafi ne da sukwaya, wato abin da zai rufe murabba'in ƙafa 100, kimanin murabba'in mita 9.3, sannan a ɗora ladan kafinta a kai.

Sai maganar ruɓewa, wadda ita ce ta sa ake son sida tun farko. Kowane kututture yana da zuciya a tsakiya da wani farin sashe a gefe, ƙarƙashin ɓawo, inda ruwan itacen ke bi yana raye. Magungunan da ke kashe funfuna da korar ƙwari a zuciya kaɗai itacen ke tara su. Farin gefen nan, na ja ne ko na fari, yana ruɓewa kamar kowane banzan katako. Maginin gargajiya zai gane wannan da sauri, sai dai a giginya abin a juye yake: azara daga baƙin waje mai tauri ake fitar da ita, a yar da cikin mai laushi. A jan sida gane farin gefe ba wuya, yana nan fari tas kusa da ja. A farin sida launin biyu sun yi kusa, sai mai ido. Duka itacen biyu dai ana lissafa zuciyarsu cikin masu juriyar ruɓa, kuma ban yarda da masu cewa ɗaya ya yi wa ɗaya fintinkau a jikin bango ba. Daraja ta fi jinsi tasiri. A jan shingil, mai shuɗiyar takarda a jikin dauri shi ne na ɗaya: duk zuciya, babu ido, duk yankan tsaye, ƙungiyar Cedar Shake and Shingle Bureau, wadda aka kafa a 1915, ita ke tsaye kan wannan ma'auni. Mai jar takarda na biyu, mai baƙa na uku. A fari kuwa A shi ne marar ido gaba ɗaya, B babu ido a inda ake gani, C yana da idanu a fili. Farin sida mai A ya fi jan sida mai baƙar takarda nesa ba kusa ba.

Yanzu launi, inda ƙanena ya fara. Duk katakon da aka bari tsirara a waje, hasken rana yana cinye danƙon da ke riƙe zarensa a fuska, ruwa ya wanke, sai ya yi furfura. Farin sida a bakin teku, inda akwai rana da iska mai gishiri, furfurarsa kyakkyawa ce, ruwan azurfa, bai ɗaya. Ita ce kamannin Cape Cod da tsibiran Martha's Vineyard da Nantucket, duk a kudu da Boston. A Nantucket tun 1955 akwai dokar kare kamannin tsohon garin, kuma in ka sauka daga jirgin ruwa gidaje ne ruwan toka jere, taga da ƙofa da farin fenti. Manyan gidajen hutu na masu kuɗin shekarun 1880, irin gidan Isaac Bell da ke Newport, su suka mai da shingil ado bayan da can rufin talaka ne da masunci. Jan sida a irin wannan yanayi mai laima na gabas ba ya furfura da ladabi. Yakan yi duhu, dabbare-dabbare, wani wuri ruwan ƙasa wani wuri kusan baƙi. Wasu na son haka, ni ba na so. Sai dai in faɗi gaskiya, farin ma in ka kai shi nesa da teku ka sa a inuwar itatuwa, bangon arewa zai yi baƙin funfuna, na kudu ya yi fari, gida ɗaya kamar riga biyu. Shi ya sa kamfanoni ke tsoma allunan a wani mai mai ɗan ruwan toka tun daga masana'anta, domin furfurar ta zo daidai.

In kuma fenti za a yi, abin ya sake juyawa. Jan sida cike yake da wani rini da ke narkewa a ruwa. Ka jefa gutsurensa a bokiti ka dawo da safe, za ka tarar da shayi. In danshi ya shiga falanki ya fito, sai ya jawo wannan rini ta cikin fenti, farin bango ya yi zane-zanen ruwan goro. Maganinsa a shafa fentin shimfiɗa mai toshe rini a fuska shida na katakon: gaba, baya, gefe biyu, da baki biyu, har da duk inda aka sake yankawa a wurin aiki. Bakin nan shi ne ke zuƙar ruwa kamar rake, kuma shi kafinta mai gaggawa ke mantawa. Farin sida rininsa kaɗan ne, yana karɓar launi mai haske ba tare da rigima ba. Amma in aka toshe rinin da kyau, ba katakon da ke riƙe fenti kamar jan sida mai yankan tsaye, domin ba ya motsi da yawa a ƙarƙashinsa. Wanda kuma ya saya don kyan jansa, ya sani ya ɗauko wa kansa hidima: man da ke barin ƙirar katako a fili ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu a bangon da ke kallon rana, mai ɗan launi ya kai uku zuwa biyar, sai a sake. Jan nan da ake gani a hotunan talla na makon farko ne.

Akwai wani karatu da na yi da aljihuna. Na gina ɗan ɗakin ajiye kaya a bayan gida da ragowar jan falanki da aka ba ni kyauta, na je kanti na sayo ƙusa mai sheƙi, wadda aka ɗan shafa wa tutiya sama-sama, domin ta fi araha da kusan rabi. Kafin ƙanƙara ta narke a shekara ta biyu, kowace ƙusa ta zubar da baƙin hawaye har tsayin yatsa, sahu-sahu, kamar bangon ya sa kwalli ya yi kuka. Tsohon da na koyi aiki a wurinsa ya zo ya tsaya ya kalla, ya girgiza kai kawai. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne dukawan garinmu. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in baduku ya shafa mata kuloko, wanda da ƙarfe ake haɗa shi, nan take take yin baƙi. Abu ɗaya ne: sinadarin jima ya gamu da ƙarfe da ruwa. Jan sida yana ɗauke da irin wannan sinadari, kuma yana cin ƙusar kanta a hankali. Araha dai ba ta ado. Ƙusar da ta dace ita ce sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ko wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya ta yi kauri; kusa da teku kuwa, cikin mil 15 daga ruwan gishiri, sitenles mai lamba 316 ake so. Farin sida ba ya baƙin nan da tsanani haka, amma shi ma ba a sa masa ƙusar banza.

Duk wannan bai kai muhimmancin abin da ke bayan rigar ba. Ruwa sai ya shiga, ko ta tsaga, ko iska ta tura shi, ko ya biyo gefen taga. Tambayar ita ce ta ina zai fita. In aka manna katako kai tsaye a jikin ledar bango, danshi ya kwanta a tsakani, bayan allo kullum a jiƙe gabansa a bushe, sai kantarewa da ɓarewar fenti da ruɓa su biyo baya. Rinin jan sida ma yana rage wa wasu ledojin ƙarfin tare ruwa. Mutanen birnin Vancouver na Birtish Kolombiya sun sha wannan darasi da tsada a shekarun 1980 da 1990, lokacin da dubban gidajen da ke cikin benaye suka ruɓe daga ciki. Yawancinsu ma yaɓen siminti gare su, amma cutar ɗaya ce, bango marar hanyar fitar ruwa. Daga baya dokar gini a yankunan gaɓar ta wajabta barin rata ta aƙalla milimita 10 a bayan rigar bango. Ana yin ta da siraran katako, ko wata raga mai kama da soson wanki da ake shimfiɗawa kafin shingil. Sauran ƙa'idojin ƙanana ne amma su ne aikin: ƙusa biyu ga kowane allo komai faɗinsa, ɗan sarari tsakanin allo da allo domin kumburi, mahaɗin sahu kada ya faɗa kan mahaɗin na ƙasa, a dogon falanki kuma kada ƙusa ɗaya ta huda biyu. Gindin rigar ya tashi daga ƙasa aƙalla inci 6.

Abubuwa biyu ba sa bambanta ja da fari. Wuta tana cin duka biyu da marmari. A Berkeley a 1923 da Bel Air a 1961, duk a jihar Kalifoniya, rufin shingil ne ya riƙa tashi da wuta yana kai ta gida-gida, har daga baya birnin Los Angeles ya hana sabon rufin katako. A yankunan gobarar daji na yamma sai dai wanda aka dura wa maganin wuta, ko a haƙura a sa allon siminti. Maƙwaƙƙwafi ma ba ruwansa da launi, in ya ji tsutsa a ciki sai ya huda. Ƙurar zarto kuwa ta ja ta fi haɗari: a shekarun 1970 likitoci a Vancouver suka gano wani sinadari a cikinta da ke jawo wa ma'aikatan katako asma. A sa takunkumi in ana yanka.

Farashi yana bin hanya da kuma tsufan itace. Jan sidan da zai isa Boston ya ƙetare nahiya guda, farin kuwa daga Maine ko Kebek yake, tafiyar yini a mota. A Seattle, can gaɓar Fasifik, lissafin a juye yake, can farin ne baƙo. Siyasa ma tana shiga: a 1986 gwamnatin Reagan ta Amurka ta ɗora harajin kashi 35 a kan shingil ɗin jan sida na Kanada, Kanada ta rama a kan littattafai da kayan kwamfuta. Sannan falankin nan mai santsi marar ido, mafi yawansa daga itatuwa masu ɗaruruwan shekaru yake fitowa, kuma a kansu ake rigima. A Birtish Kolombiya, a Clayoquot Sound a 1993 an kama fiye da mutum 800 masu tare hanyar masu saran daji, a Fairy Creek a 2021 fiye da 1,000. Itacen da aka sake shukawa, in aka sare shi yana matashi, zobensa faffaɗa ne, farin gefensa da yawa, idanunsa da yawa. Jan sidan da kakan wani ya sa a 1920 ya kai yau, ba lallai irinsa ne ke kanti yanzu ba. Farin ma yana da tasa damuwar: barewar can ganyensa take ci a hunturu, a wurare da yawa tana cinye tsiron kafin ya girma.

Wani abokina ya taɓa tambayata ko zai shigo da shi ya yi wa gidansa na Kaduna ado. Na ce kada ya fara. Sida yana ɗan korar ƙwari, amma bai san garar ƙasarmu ba, ga rana mai duka a tsaye, ga hunturu da zai tsotse shi ƙarau sannan damina ta kumbura shi. An yi shi don gidan da iska da sanyi ke dukansa, kuma kafintan da ya san hannunsa yana can.

Ga ƙanena dai shawarata ba ta yi wuya ba. Gidansa shingil ne, yana jin ƙamshin teku daga ƙofa, maƙwabtansa duk ruwan toka, shi kuma mutum ne da ba zai hau tsani duk shekara uku da gwangwanin mai ba. Na ce ya ɗauki fari, mai daraja A a gaba da inda iska ke duka, B a baya, wanda aka daidaita gefunansa aka kuma tsoma a masana'anta. Falankan kusurwa da kewayen taga ya sa ja mai yankan tsaye, a shafe fuska shida, a yi farin fenti. Ƙusa 316, raga a baya. Rarar kuɗin da ya samu tsakanin takardun biyu kusan rabinta a nan ta tafi, har ya yi mini ƙorafi.

Mako uku bayan haka ya turo mini hoto. An ɓare bangon arewa. Daga sama har zuwa taga tsofaffin allunan lafiyarsu lau a baya, in ka kankare baƙin da wuƙa sai farin katako ya fito. Ruɓar duk a kusurwa ɗaya take, daidai inda bututun ruwan rufi ya tsage yana zuba a jikin bango, a ƙasa kuma mai gidan na da ya tara ƙasar fulawa har ta rufe sahu biyu.

"Yaya," ya rubuto a ƙarƙashin hoton, "ashe indararo ne."